Karyewar Gada da Cancantar Shiga Kundin Ilimi: Nazari a Kan Gadar Kogin Skagit

Tsakure

Wannan takarda ta duba tambayar da ke tasowa a gaban masu tsara kundin ilimi duk lokacin da gadar babbar hanya ta karye: a buɗe wa lamarin maƙala tasa ta kansa, ko a sanya shi ƙarƙashin maƙalar gadar, ko a bar shi layi biyu a cikin maƙalar hanyar? An ɗauki karyewar gadar Kogin Skagit ta jihar Washington a Amurka, a shekarar 2013, a matsayin abin nazari, aka gwada ta da wasu gadoji da suka faɗi kafinta da bayanta. Matsayar takardar ita ce, yawan mamata da ƙarfin hayaniyar jaridu ba su isa su yanke wannan hukunci ba. Abin dubawa shi ne ko lamarin ya haifar da bayanin da mai karatu zai dawo nema bayan an gyara gadar: sanadi, da bincike, da sauyin da ya biyo baya.

Gabatarwa



A zamanin da ake buga kundin ilimi a kan takarda, yawan shafuka ne ke yanke hukunci. Bugun ƙarshe na Encyclopaedia Britannica, wanda ya fito a 2010, juzu'i 32 ne, kuma duk shafin da aka ba wani batu to an hana wani ne. Editan wancan lokaci ba ya shan wahala a kan gadar da ta faɗi a wata jiha mai nisa. In ba ta girgiza sana'ar injiniya ba, babu gurbinta. Da kundin ya koma intanet, musamman bayan kafa Wikipedia a 2001, sai shafi ya daina ƙarewa. Abubuwan da suka rage masu ƙarewa su ne lokacin masu gyara, da haƙurin mai karatu, da amanar da jama'a ke ba kundin. Maƙalar da aka buɗe a daren da abu ya faru tana buƙatar mai kula da ita bayan shekara goma, wanda zai gyara alƙaluman farko da suka zo da kuskure, ya cire jita-jita, ya ƙara sakamakon bincike. In babu wannan mutum, maƙalar za ta tsaya a inda rahoton ranar farko ya tsaya, mai karatu kuma zai ɗauka ilimi ne tabbatacce.

Shi ya sa masu aikin Wikipedia ta Ingilishi suka shimfiɗa ƙa'idoji. Babbar ƙa'idar ita ce a sami majiyoyi amintattu, masu zaman kansu, waɗanda suka yi magana mai zurfi a kan batun, ba ambato a kan hanya ba. Ga abubuwan da suka auku kuwa, sun ƙara da cewa kundin ba jarida ba ne, don haka ana duba ko lamarin ya bar tasiri mai ɗorewa, ko ya shafi yanki mai faɗi, ko an ci gaba da rubutu a kansa bayan ƙurar farko ta lafa. Ƙa'idojin suna da kyau a rubuce. Wahalar tana zuwa ne idan aka ɗora su a kan gada guda, a mako guda, alhali mutane na cikin juyayi kuma babu wanda ya san abin da binciken zai nuna.

Abin da ya faru a Skagit

Babbar hanyar I-5 ita ce ke ratsa gaɓar yammacin Amurka daga iyakar Mekziko har zuwa iyakar Kanada. Tsakanin garuruwan Mount Vernon da Burlington, kimanin mil 60 arewa da Seattle, tana tsallake Kogin Skagit a kan wata gadar ƙarfe da aka buɗe a 1955. Irin gadojin nan ne da mota ke bi ta cikin kejin ƙarfe, sanduna a dama da hagu, wasu kuma sun gitta ta sama suna ɗaure ɓangarorin biyu. A lokacin haɗarin, motoci kusan 71,000 ne ke bi ta kanta kowace rana.

Da misalin ƙarfe 7 na yammacin 23 ga Mayun 2013, wata tirela ta wani kamfanin Kanada ta shigo gadar tana nufin kudu, ɗauke da wani ƙaton akwatin ƙarfe na kayan haƙar rijiyar mai, wanda tsayinsa daga ƙasa ya kusa ƙafa 16. Sandunan saman gadar lanƙwasassu ne, kamar bakan ɗakin soro: mai kaya a ka zai wuce ta tsakiya lafiya, in ya raɓa bango sai kayan su daki bakan. A tsakiyar gadar tsayin ya kai kusan ƙafa 18, yana raguwa zuwa gefe. Tirelar tana layin dama, wata babbar mota kuma tana wuce ta ta hagu, babu damar ta matso tsakiya. Kusurwar akwatin ta daki sandunan sama ɗaya bayan ɗaya. Cikin daƙiƙu kaɗan, ɓangaren gadar na arewa, mai tsawon ƙafa 160, ya zube cikin kogi. Tirelar ita ta riga ta tsallake. Motoci biyu da ke bayanta ne suka faɗa ruwa, aka ceto mutum uku da ke ciki, dukansu da rai.

A nan muhawarar take farawa. Mai cewa kada a buɗe maƙala yana da hujjoji da ba za a raina ba. Babu wanda ya mutu a faɗuwar. Gadar ba sananniya ba ce, babu wanda ya taɓa zuwa yawon buɗe ido domin ya gan ta. An kafa gadar wucin gadi aka buɗe hanya ranar 19 ga Yuni, ƙasa da wata guda, aka kuma saka ɓangare na dindindin a watan Satumba na shekarar. A ganinsa wannan haɗarin mota ne da ya zo da hoto mai ɗaukar ido, kuma sakin layi ɗaya a cikin maƙalar hanyar I-5 ta jihar Washington ya wadatar.

Ni ban yarda da shi ba, kuma dalilina yana cikin abin da ya fito bayan shekara guda. A 2014 Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahotonta, kuma rahoton bai tsaya a kan direba ba. Ya nuna kamfanin da direban ba su yi nazarin hanyar yadda ya kamata ba kafin su tashi. Ya nuna akwai motar rakiya da ke gaba, mai ɗauke da dogon sanda na gwada tsayi, wadda aikinta kenan ta gargaɗi tirelar, amma mai tuƙa ta tana kan waya a lokacin. Ya nuna ma'aikatar sufurin jihar tana ba da takardar izinin ɗaukar kaya masu wuce kima ba tare da tantance hanyar da kyau ba, kuma babu allon da ke gargaɗin cewa saman gadar ya yi ƙasa a layin gefe. Bayan haka kuma ga asalin ginin: gadar tana cikin rukunin da injiniyoyi ke cewa ba su da madogara ta biyu, wato idan muhimmin ƙarfe ɗaya ya gaza babu wanda zai karɓi nauyinsa, sai duka ɓangaren ya tafi. Daga baya jihar ta sauya sandunan saman sauran ɓangarorin gadar, ta miƙar da su domin tsayin ya zama ɗaya a kan dukkan layuka.

To, wannan bayani ina za a zuba shi? Maƙalar hanyar I-5 tana magana ne a kan ɗaruruwan mila-milai, da garuruwan da hanyar ta ratsa, da tarihin gininta. In aka cusa mata bayanin motar rakiya da takardar izini da lanƙwasar sanduna, an karkatar da ita. In kuma aka taƙaita shi zuwa layi biyu, ɗalibin injiniya ko jami'in ba da izini da ya zo neman yadda matakan kariya huɗu suka gaza a lokaci guda zai koma hannu rabbana. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya fi kowane amfani: akwai tabbataccen bayani da ya fi ƙarfin gidan da ake son a ajiye shi? A Skagit akwai. Wikipedia ta Ingilishi kuma tana da maƙala a kan lamarin, mai ɗauke da sunan karyewar.

Akwai wani abu da ya kamata a ambata game da maganar "babu wanda ya mutu". Ranar 31 ga Mayu, kwana takwas bayan faɗuwar, wani ɗan sandan jiha mai suna Sean O'Connell ya rasu a haɗarin babur yana aikin karkatar da motoci zuwa hanyar zagaye. Daga baya aka sa wa gadar sunansa. Ba ya cikin alƙaluman mamatan karyewar, amma ba domin ita ba da bai tsaya a wannan mararraba ba. Taƙaitaccen layi a cikin jerin gadojin da suka faɗi zai rubuta sifili a gurbin mamata ya wuce. Cikakkiyar maƙala ce kawai ke da wurin da za ta faɗi wannan.

Yawan mamata a matsayin ma'auni

Zuciya tana son a auna da rayuka, kuma ban ga laifin zuciya ba. Sai dai tarihin gadoji bai goyi bayan wannan ma'auni ba. Gadar Tacoma Narrows, a jihar Washington ɗin dai, an buɗe ta ranar 1 ga Yulin 1940, iska ta murɗe ta har ta faɗi ranar 7 ga Nuwamban shekarar. Babu ɗan Adam ko ɗaya da ya mutu, kare ɗaya ne da aka bari a cikin mota. Amma tun daga lokacin ake gwada samfurin dogayen gadoji masu rataye a ɗakin gwajin iska kafin a gina su, kuma da wuya a yi karatun injiniyan gine-gine ba a ga hoton bidiyon faɗuwarta ba. Gadar Kogin Mianus a Connecticut, a kan hanyar I-95, ta faɗi cikin dare ranar 28 ga Yunin 1983, mutum 3 suka mutu. Da rana ce da adadin ya ninka sau da yawa, amma sanadin, wato tsatsar da ta ture ƙarfen da ɓangaren ke rataye a kansa, da bai canza ba, haka ma darasin. Lokacin da gada ta faɗi ne ke ƙayyade yawan mamata, kuma lokacin ƙaddara ce. Kundin da ya ɗora hukuncinsa a kan adadi ya miƙa aikinsa ga agogo.

Inda adadin ya yi yawa ma, abin da ya sa ake komawa ga lamarin yakan wuce adadin. Gadar Silver, wadda ta haɗa Point Pleasant ta West Virginia da jihar Ohio, ta rufta ranar 15 ga Disambar 1967 da rayuka 46. Sanadin wani ɗan tsagu ne a cikin ƙarfe guda na sarƙar da ke riƙe da ita, tsagun da ido ba ya iya gani ba tare da an kwance mahaɗin ba. Majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1968, kuma a 1971 aka kafa ƙa'idojin duba gadoji na ƙasa baki ɗaya, waɗanda suka wajabta duba gada aƙalla sau ɗaya a shekara biyu. Gadar Schoharie Creek ta jihar New York ta faɗi ranar 5 ga Afrilun 1987 da mutum 10, saboda ambaliya ta zaizaye ƙasar da ke gindin ginshiƙinta, kuma bayanta aka tsaurara duba gindin gadoji a ƙarƙashin ruwa. Wanda zai rubuta tarihin dokar duba gadoji a Amurka dole ya bi ta kan waɗannan sunaye, kuma wannan dole ɗin ita ce cancantar.

Cancanta daban, mazauni daban

Kuskuren da na fi gani a irin wannan muhawara shi ne haɗa tambayoyi biyu wuri ɗaya. Tambaya ta farko: lamarin ya cancanci a rubuta shi da zurfi? Ta biyu: a ƙarƙashin wane suna? Mutum na iya amsa ta farko da e, ya kuma ce ba a buƙatar sabon shafi.

Gadar I-35W ta Minneapolis ta isa misali. An buɗe ta a 1967, ta faɗa Kogin Mississippi da ƙarfe 6:05 na yammacin 1 ga Agustan 2007, ana tsakiyar cunkoson tashi daga aiki. Mutum 13 suka mutu, 145 suka ji rauni. Binciken NTSB, wanda aka kammala a Nuwamban 2008, ya gano cewa wasu farantan ƙarfe da ke haɗa sandunan gadar kaurinsu rabin inci ne, kusan rabin abin da ya kamata, kuma kuskuren tun daga zanen farko yake. Shekara arba'in gadar tana ɗauke da wannan lahani, ana ƙara mata nauyin kankare a gyare-gyare, har ranar da aka jibge yashi da tsakuwa da injinan aiki daidai kan wurin da ya fi rauni. Abin ya taɓa siyasar jihar Minnesota: a Fabrairun 2008 majalisar jihar ta tsallake ƙin amincewar Gwamna Tim Pawlenty ta ƙara harajin man fetur domin hanyoyi da gadoji, majalisar dattawan jihar kuma ta ƙi tabbatar da kwamishinar sufuri. An buɗe sabuwar gada a Satumbar 2008.

Babu mai shakkar girman wannan lamari. Duk da haka, a Wikipedia ta Ingilishi labarin karyewar yana cikin maƙalar gadar ne, shafi ɗaya. Ina ganin daidai ne. Gadar ta mutu tare da haɗarin, kuma sanadin faɗuwarta yana cikin labarin gininta. In ka raba su, mai karanta labarin faɗuwar sai ya koma wani shafi ya nemo zanen 1960 da wani abu, mai karanta labarin ginin kuma an ɓoye masa ƙarshensa. Haka gadar Silver take, haka Tacoma ta 1940. Gadar Francis Scott Key ta Baltimore kuwa, wadda jirgin ruwan dakon kaya mai suna Dali ya daka ranar 26 ga Maris 2024, ma'aikatan gyaran hanya 6 suka mutu, tana da shafi biyu, ɗaya na gadar ɗaya na karyewar. Nan ma akwai hujja. Rabin labarin na jirgin ne, da ɗaukewar wutarsa, da rufe tashar jiragen ruwa, da shari'ar diyya, abubuwan da ba su da alaƙa da yadda aka gina gadar a shekarun 1970.

Skagit tana wani gurbi na uku. Gadar ba ta mutu ba, ana bi ta kanta har yau, kuma in aka cire ranar 23 ga Mayu babu wani abin kirki da za a ce game da ita sai shekarar gini da tsawo. Saboda haka sunan maƙalar ya bi abin da aka sani, wato karyewar, bayanin gadar kuma ya shigo a matsayin shimfiɗa. Da za a tilasta tsari ɗaya a kan waɗannan gadoji uku, wato I-35W da Francis Scott Key da Skagit, da an cuci biyu daga cikinsu. Ina faɗin haka ne domin akwai masu gyara da ke son doka mai layi ɗaya, misali duk gadar da ta kashe sama da mutum kaza ta sami shafi, domin a huta da gardama. Gardamar ita ce aikin, kuma babu hanyar kauce mata.

Matsalar makon farko

Mafi yawan irin waɗannan maƙaloli ana buɗe su ne cikin sa'o'in farko, kuma a Wikipedia ta Ingilishi tattaunawar goge shafi takan ɗauki kwana bakwai. Rahoton bincike kuwa yakan ɗauki shekara ko fiye: na Skagit ya haura shekara, na Minneapolis wata goma sha biyar. Ke nan ana yanke hukunci a kan tasiri mai ɗorewa a lokacin da babu wanda zai iya saninsa.

Gobarar Atlanta ta nuna yadda hasashen farko ke iya sauyawa. Ranar 30 ga Maris 2017 wuta ta tashi a ƙarƙashin gadar sama ta hanyar I-85, inda ma'aikatar sufurin jihar Georgia ta daɗe da jibge bututan roba, zafin ya karya wani ɓangare. Ba a rasa rai ba, aka gyara cikin kimanin mako shida. A ranar da aka buɗe hanyar, da an tambaye ni, da na ce a mayar da labarin cikin maƙalar I-85. Sai ga shi a Nuwamban 2023 wata gobara ta tashi a cikin kayan da aka tara a ƙarƙashin hanyar I-10 a Los Angeles, ta rufe hanyar, aka sake ɗauko batun ajiye kaya masu cin wuta a ƙarƙashin gadoji, Atlanta ta zama abin komawa. Lamarin Philadelphia na 11 ga Yunin 2023, inda tankar mai ta kife ta kama wuta a ƙarƙashin I-95, direban ya rasu, aka buɗe hanya cikin kwana 12, shi ne a ganina ya fi kusa da kan iyaka. Abin da aka fi rubutawa a kansa saurin gyaran ne, kuma wannan yana iya zama a cikin maƙalar hanyar ba tare da an yi asarar komai ba.

Shawarata a nan ita ce a rage nauyin hukuncin farko. A bar maƙalar ta tsaya idan an san hukuma mai zaman kanta ta buɗe bincike, domin wannan alama ce cewa bayani na tafe. A sake dubawa bayan rahoton ya fito. In bai kawo komai ba, a haɗe ta da maƙalar hanyar, a bar tsohon sunan yana kai mai nema can. Haɗewa ba wulaƙanta mamata ba ce, ko da yake na san yadda take sosa ran wanda ya kwana yana rubutu, ko wanda ɗan'uwansa ke cikin motar.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da sunayensu ke fitowa a makon farko. A Atlanta an kama wani mutum marar matsuguni aka tuhume shi da tayar da wutar, sunansa da hotonsa suka cika kafafen labarai, daga baya aka janye tuhumar. Jarida takan wuce, shafin kundi yana nan. Duk wanda ya buɗe maƙala a kan haɗari ya ɗauki amanar direba da ɗan kwangila da wanda ake zargi, kuma in ba zai dawo ya bi shari'ar zuwa ƙarshenta ba, gara kada ya rubuta sunan tun farko.

Idan aka kawo ma'aunin gida

Duk misalan da na kawo daga ƙasa ɗaya suke, kuma ba haka kawai ba. Ma'aunin da na kare ya dogara ne a kan wani abu da Amurka ke da shi: hukumar da ke bincike ta wallafa rahoto kowa ya gani, da jaridun da ke ajiye tsoffin labaransu, da mujallun injiniyoyi da ke komawa kan lamari bayan shekaru. Masu rubuta kundi da Hausa ba su da wannan gata a mafi yawan lokuta, kuma in suka kwafi ƙa'idar ido rufe, sakamakon zai zama kundin Hausa da ya san gadar Skagit bai san gadar Tatabu ba.

A watan Yunin 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu da ke kan hanyar Mokwa zuwa Jebba a jihar Neja, hanyar da manyan motocin da ke tsakanin Legas da Arewa ke bi. Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa a lokacin, ya je wurin da kansa. Ta fuskar faɗin tasiri, wannan gada ba ta gaza ta Skagit ba: direban tirela da ɗan kasuwar shanu da mai tumatir duk sun ji a jikinsu. Abin da marubuci zai samu a hannu shi ne rahotannin kwanakin farko, da ziyarar manya, da alƙawarin gyara. Da yawa daga cikin abin da aka faɗa da Hausa ma a rediyo aka faɗe shi, ya bi iska.

Ba na goyon bayan a sassauta sharaɗin majiya domin a cike wannan giɓi. Maƙalar da aka gina a kan "an ce" ta fi rashin maƙala illa, musamman a batun da ya shafi zargin ɗan kwangila ko jami'i. Abin da nake ba da shawara shi ne a canza mazaunin. A buɗe maƙala mai ƙarfi a kan hanyar kanta, Ilorin zuwa Jebba zuwa Mokwa, a rubuta kowace karyewa a cikinta da kwanan wata da majiyarta, daga Aminiya ko BBC Hausa ko Daily Trust ko sanarwar ma'aikatar ayyuka. A irin hanyoyinmu, abin da ya fi cancantar sani sau da yawa shi ne maimaituwar: wuri ɗaya, damina bayan damina. Maƙaloli guntaye a warwatse suna ɓoye wannan, shafi ɗaya kuwa yana fito da shi. Inda kuma gadar ta tafi a cikin bala'in da ya fi ta girma, kamar ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025, wadda ta kashe mutum fiye da 150 ta kuma yanke hanyar, mazauninta na cikin maƙalar ambaliyar.

Sauran aikin yana wuyanmu mu da ke jami'o'i. Majiya ta biyu da kundi ke nema, wato nazarin da ya zo bayan labari, mu ne ya kamata mu samar da ita. Sassan injiniya na Zariya da Kano da Minna suna da ɗaliban da ke neman batun kundin digiri kowace shekara, kuma gadar da ta faɗi a kan hanyar tarayya batu ne da ke da ƙasa da za a auna, da ruwa da za a lissafa, da direbobi da mazauna ƙauye da za a yi hira da su tun suna tunawa. In aka yi irin wannan nazari a kan Tatabu aka wallafa shi a mujallar da ake tantancewa, mai gyaran kundi zai sami sanadi da bincike da zai dogara a kansu, kuma a ranar zan goyi bayan a cire ta daga maƙalar hanyar a ba ta shafinta.